Malam Muhammadu al-Katsinawi, Bafillacen da Ya Kai Lissafi Misra

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. A kundin bana mu 'yan ajin ƙarshe mun zaɓi mu kawo muku tarihin wani malami wanda da yawanmu nan Garwa ba su taɓa jin sunansa ba, alhali littattafansa suna ajiye a Alƙahira da Landan. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, Larabawa kuwa suna rubuta shi al-Kishnawi. Bafillace ne na ƙasar Katsina, birnin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani. Ya rasu a 1741, wato shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Adamawa ba.

Karatunsa irin namu ne, na zaure da bin malami. Wajen shekara huɗu ya yi tare da Malam Muhammadu Fudu, a gida da kan hanya, yana ɗaukar nahawu da sarfu, har malamin ya riƙa kiransa Sibawaihi don gwanintarsa. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ƙasar da ke Cadi a yau, ba nisa da mu can sosai. Wurin Malam Muhammadu Bindu kuma ya koyi hisabi, da ilmin lokuta wanda da shi ake gane shigar salla, da ilmin aufaƙ, abin da mu muke kira hatimi.

To, a nan ne maganar take. In an ce hatimi, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne laya da tsibbu. Gaskiya ne malamin ya yi rubutu a kan ɗalasimai da taurari, kuma malamanmu suna da maganarsu a kan wannan fanni. Mu ba shi muka zo koyarwa ba. Amma shi kansa hatimin, in ka ajiye abin da mutane ke nema da shi, lissafi ne zalla. Gidaje ne a jere, tsawo da faɗi daidai, a zuba lambobi ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, ta yadda duk layin da ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za ta fito. Ɗauki mai gida tara: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ko ta ina ka bi, 15 ce. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 kuma 175. Ba wani asiri a ciki: haɗa 1 har zuwa 25 ka sami 325, raba wa layi biyar, ga 65 nan.

Wahalar ita ce a ina kowace lamba za ta zauna. Wanda ya tsaya lalube a mai gida 25, wallahi sai tawada ta ƙare bai gama ba. Abin da al-Katsinawi ya yi a littafinsa Bahjatul Afaƙ, na wajen 1732, shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin cika hatimi mai layuka mara, wato 3, 5, 7 da sauransu, har da hanyar da lamba ke tsallake gidaje kamar yadda doki ke tafiya a wasan shaɗaranji.

Ga wata hanya mai sauƙi ta wannan fanni, kowa ya gwada a allonsa. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan kullum ka hau gida ɗaya sama, ka karkata gida ɗaya dama. In ka fita ta sama sai ka dawo ta ƙasa, in ka fita ta dama sai ka shigo ta hagu. In kuwa ka tarar gidan da mai shi, sauka ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzun nan ka ci gaba. Shi ke nan fa. Ko mai gida 121 ne, haka zai cika.

Muna dagewa a kan wannan ne don a unguwanninmu har yau wasu na ɗaukar lissafi kayan makarantar boko ne, abin da ake yi da Faransanci, ɗan madarasa ba ruwansa. Alhali mai rabon gado ba ya motsi sai da sumuni da sudusi, mai fitar da zakkar shanu da ta sefa ma haka. Mutumin da aka yi wa laƙabi da Sibawaihi shi ne dai ya zauna yana tsara ƙa'idar lambobi.

Ya yi aikin hajji a 1142 bayan hijira, wajen 1730. A Makka ya fara babban littafinsa Durrul Manzum, ya kammala shi a Alƙahira a 1146. Yana da rubutu a manɗiƙi da nahawu ma. A Alƙahira ya sauka wajen Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa masanin falaki ne da hisabi, kuma a gidansa ajali ya same shi a 1154. Ya bar masa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa, aka rufe shi a maƙabartar malamai ta birnin. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan haka da shekara goma sha, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Misra, kuma a littafinsa Aja'ibul Asar ya ajiye mana sunayen malaman al-Katsinawi da na littattafansa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.