Townsend Whelen

Townsend Whelen (an haife shi ranar 6 ga watan Maris, 1877, ya rasu ranar 23 ga watan Disamba, 1961) sojan Amurka ne, maharbi kuma marubuci. Ya kai muƙamin Kanar a rundunar sojan ƙasa ta Amurka. An fi saninsa da rubuce-rubucensa a kan bindigar farauta da ɗura harsashi da hannu, da kuma rawar da ya taka wajen samar da harsashin .22 Hornet, wanda ake harbin ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona da shi.

Farkon rayuwa

An haifi Whelen a birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania. Tun yana yaro yake sha'awar harbi da zaman daji. Ya yi aikin soja tare da dakarun jiharsa a lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya na shekarar 1898. A shekarar 1901 ya tafi dazukan British Columbia a ƙasar Kanada, inda ya kwashe watanni yana farauta da kwana a daji. Abin da ya koya a wannan tafiya ya fito a littattafansa na baya.

Aikin soja

Bayan dawowarsa ya zama hafsa a rundunar sojan ƙasa, ya kuma yi fice a gasar harbi. Ya yi aiki a yankin mashigin ruwa na Panama, daga baya aka mayar da shi sashen kula da makamai. Ya shugabanci masana'antar harsashi ta gwamnati da ake kira Frankford Arsenal a Philadelphia, sannan ya jagoranci sashen bincike a masana'antar bindigogi ta Springfield Armory da ke jihar Massachusetts. Waɗannan wurare biyu sun ba shi damar da maharba kaɗan ke samu, wato kayan awo da ma'aikata masu iya ƙera abin da ake son gwadawa. Ya yi ritaya a shekarar 1936.

Ɗura harsashi da hannu

Harsashin bindigar zamani yana da sassa huɗu: kwanso, da ɗan abin da ke kunna wuta a gindin kwanson, da albarushi, da kan harsashin da ke fita ya tafi. Idan an yi harbi, kwanson ne kawai ke saura. Mai ɗuri da hannu yakan gyara wannan kwanso, ya sa masa sabon abin kunna wuta, ya auna albarushi a sikeli, sannan ya dasa sabon kai. Wasu na yin haka don rage kashe kuɗi, wasu kuma don su sami haɗin da ya fi dacewa da bindigarsu, domin bindigogi biyu iri ɗaya ba lallai su yi saiti ɗaya da harsashi ɗaya ba.

Whelen ya ɗauki wannan aiki a matsayin gwaji mai ƙa'ida. A rubuce-rubucensa ya riƙa jan hankalin masu karatu su auna komai, su rubuta sakamakon kowane harbi, kuma kada su wuce iyakar albarushin da aka gwada, domin yin hakan na iya fasa kwanso ko bindigar, ya raunata mai harbi. Ya rubuta littafi guda a kan wannan fanni mai suna Why Not Load Your Own.

Harsashin .22 Hornet

A gabashin Amurka manoma na fama da wata dabba daga dangin kurege da ake kira woodchuck, wadda ke cin amfanin gona, ta kuma haƙa ramuka a filayen ciyawa. Ita da hankaki da makamantansu ake haɗawa a ƙarƙashin kalmar varmint, wadda ta samo asali daga kalmar Ingilishi vermin, ma'ana halittu masu ɓarna. Harbin irin waɗannan dabbobi yana da wuya, saboda ƙanana ne kuma ba sa bari a matso kusa. Ƙaramin harsashin .22 na yau da kullum ba ya kai wa nesa, manyan harsasan farautar barewa kuwa ƙararsu ta yi yawa a kusa da gidaje, kuma suna iya dukan ƙasa su yi tsalle su wuce.

A ƙarshen shekarun 1920 Whelen da abokan aikinsa a Springfield Armory, ciki har da Kyaftin G. L. Wotkyns da A. L. Woodworth, suka ɗauko kwanson wani tsohon harsashi mai suna .22 WCF, wanda kamfanin Winchester ya fitar a shekarar 1885 don baƙin albarushi. Suka ɗura masa albarushin zamani mara hayaƙi da kan harsashi mara nauyi mai rufin ƙarfe, suka gwada shi a bindigogin Springfield M1922 da aka gyara. Kan harsashin mai nauyin kusan giram 3 yana fita da gudun kusan ƙafa 2,400 a daƙiƙa, wato kimanin mita 730. Wannan gudu ya sa ba ya saurin sunkuyawa a hanya, rashin nauyinsa kuma ya sa yakan farfashe idan ya bugi abu. Ana amfani da shi sosai a tazarar da ta kai kimanin yadi 150.

Kamfanin Winchester ya fara sayar da harsashin a shekarar 1930, tun kafin a sami bindigar kasuwa da aka ƙera dominsa. Daga baya Savage da Winchester suka fitar da nasu bindigogin. Bindigogin farko suna buƙatar kan harsashi mai faɗin inci 0.223, na baya kuma 0.224, don haka har yanzu mai ɗuri da hannu sai ya tabbatar da wacce ce a hannunsa. Nasarar Hornet ta buɗe hanya ga wasu harsasai masu gudu, kamar .220 Swift a 1935 da .222 Remington a 1950. Rundunar sojan sama ta Amurka ma ta yi amfani da shi a bindigogin M4 da M6, waɗanda ake ba matuƙan jirgi don neman abinci idan jirginsu ya faɗi a daji.

Harsashin .35 Whelen

A shekarar 1922 aka samar da .35 Whelen, ta hanyar faɗaɗa wuyan kwanson .30-06 don ya ɗauki babban kai na farautar manyan dabbobi. Masu tarihin bindiga sun saɓa a kan wanda ya fi cancantar yabo, ko Whelen ko James V. Howe, maƙerin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Frankford, wanda kuma ya kafa kamfanin Griffin & Howe tare da Seymour Griffin a 1923. Fiye da shekara 60 masu ɗuri da hannu ne suka riƙe wannan harsashi, kafin kamfanin Remington ya shigar da shi kasuwa a ƙarshen shekarun 1980.

Rubuce-rubuce

Whelen ya daɗe yana rubutu a mujallu irin su American Rifleman da Outdoor Life da Sports Afield, yana kuma amsa wasiƙun masu karatu. Cikin littattafansa akwai The American Rifle na 1918, da The Hunting Rifle na 1940, da On Your Own in the Wilderness na 1958, wanda ya rubuta tare da Bradford Angier. Akwai kuma wani nau'in tanti mai buɗaɗɗen gaba da ke ɗauke da sunansa.

Mutuwa

Whelen ya rasu ranar 23 ga watan Disamba, 1961, yana da shekara 84. An buga littafin Mister Rifleman, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwarsa, a shekarar 1965. Har yau ana ƙera harsasan .22 Hornet da .35 Whelen, ana kuma sayar da su.