Frank Macfarlane Burnet (1899–1985): Masanin Mura da Garkuwar Jiki

An haifi Frank Macfarlane Burnet a garin Traralgon na ƙasar Ostireliya ranar 3 ga Satumba, 1899. Tun yana yaro mutum ne mai kunya, ba ya da abin sha'awa kamar tara ƙwari yana nazarinsu. Ya karanta likitanci a Jami'ar Melbon, kuma yana ɗalibi ne annobar mura ta 1918 ta hallaka miliyoyin mutane a duniya. Bayan ya sami digirin digirgir a Landan a 1928, sai ya duƙufa kan binciken ƙwayoyin cuta.

Burnet ya yi fice wajen inganta dabarar renon ƙwayar cutar mura a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi. Har yanzu da ƙwai ake haɗa yawancin allurar rigakafin mura. Daga 1944 zuwa 1965 shi ne shugaban Cibiyar Walter da Eliza Hall da ke Melbon.

A 1957 ya fito da ra'in da ya ɗaukaka sunansa. Ya nuna cewa jiki yana da ɗimbin fararen ƙwayoyin jini, kowace da irin cutar da take ganewa. Idan cuta ta shigo, wadda ta gane ta ita ce ke hayayyafa ta yaƙe ta, sannan wasu su saura suna tsaro. A 1960 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Peter Medawar, saboda bayyana yadda jiki ke koyon bambanta nasa da baƙo.

Da girma ya kama shi, sai ya karkata ga nazarin tsufa. A ganinsa, kurakurai ne ke taruwa a cikin ƙwayoyin gado yayin da shekaru ke tafiya, garkuwar jiki kuma ta riƙa rauni. Binciken baya-bayan nan ya tabbatar da cewa taimus, wato gaɓar da ke bayan ƙashin ƙirji inda wasu fararen ƙwayoyin jini ke balaga, tana shanyewa da tsufa. Wannan na cikin dalilan da ke sa murar da saurayi zai warke daga gare ta cikin mako guda ta kwantar da dattijo, har ta kai ga ciwon huhu.

Burnet ya rasu ranar 31 ga Agusta, 1985, a garin Port Fairy, sakamakon ciwon daji, saura kwana uku ya cika shekara 86.