Anton Stadler: Gwanin busa kilarinet da takardun kiɗan Mozart suka ɓace a hannunsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala suna fareti a Yamai ko Kano, ya ga kilarinet ko da bai san sunanta ba. Ita ce baƙar abar busa mai tsawo kamar algaita, mai maɓallai na ƙarfe a jikinta. A irin wannan taro muryarta kan nitse cikin ƙarar ganguna. Kiɗan da aka rubuta domin masu busa ta su biyu ko uku kaɗai ba shi da yawa a zamanin da, kuma wani muhimmin ɓangare nasa ya kusa salwanta a hannun mutum ɗaya, Anton Stadler.

An haifi Stadler ranar 28 ga watan Yuni na 1753 a garin Bruck an der Leitha da ke ƙasar Ostiriya, ya girma a Vienna. Shi da ƙanensa Johann duk mabusa ne, kuma a 1782 aka ɗauke su cikin mabusa takwas na fadar Sarki Joseph na Biyu. Anton ya fi son muryar ƙasa ta kilarinet, ya kuma ƙware a busa babbar yayarta mai kaurin murya da ake kira baset-hon.

A Vienna ya ƙulla abota da fitaccen mai tsara kiɗa Wolfgang Amadeus Mozart. Wani maƙerin kayan busa mai suna Theodor Lotz ya ƙera masa kilarinet ta musamman, wadda ta fi sauran tsawo, tana sauka ƙasa fiye da inda suke tsayawa. Domin ita Mozart ya rubuta kiɗan kilarinet ɗaya da goge huɗu a 1789, sannan a Oktoban 1791 ya kammala babban kiɗan kilarinet da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Ranar 5 ga Disamba na shekarar Mozart ya rasu. Da aka zo lissafin abin da ya bari, an tarar yana bin Stadler gulden 500, aka rubuta kuɗin cikin bashin da ba a sa ran karɓa.

A lokacin Stadler ya riga ya fita rangadi. Daga Prague ya bi ta Berlin, Warsaw, Riga da St Petersburg, ya ratso ta Hamburg da Hanover, bai koma gida ba sai 1796. A wannan tafiya ce takardun suka ɓace.

A watan Mayun 1800, matar marigayin, Constanze, ta rubuta wa mai buga littattafan kiɗa Johann André cewa ya tuntuɓi Stadler, domin yana riƙe da ainihin rubutun Mozart da dama, da kwafin wasu kiɗe-kiɗe na baset-hon uku da ba a san su ba. Ta bayyana cewa Stadler na iƙirarin an sace masa akwatin da suke ciki a Jamus, amma wasu sun tabbatar mata jingina ya bayar da shi a kan tsabar zinariya dukat 73. Idan aka duba yadda bashi ya yi masa katutu, zancen jinginar ba abin mamaki ba ne, sai dai babu wanda ya kawo hujja.

Illar ta daɗe. Babban kiɗan 1791 ya fito a buge a farkon ƙarni na 19, amma an ɗaga muryoyinsa na ƙasa domin kilarinet ta yau da kullum ta iya kai su, kuma haka aka yi ta busa shi fiye da shekara ɗari. Su kuwa gajerun kiɗe-kiɗe 25 na mabusa uku, waɗanda yanzu ke ɗauke da lamba K. 439b, masu buga littattafai sun sauya musu kayan busa, suka ba wata abar busa daban murya ta uku, don a fi saye. Sai a ƙarni na 20 masana suka haɗa su da wasiƙar Constanze, aka mayar da su ga baset-hon uku. A 1992 wata mai bincike 'yar Amurka, Pamela Poulin, ta gano takardun sanarwar wasannin da ya yi a Riga a 1794, ɗauke da zanen kilarinet ɗin tasa, wanda maƙera ke dubawa a yau.

Stadler ya bar aikin fada a 1799. A 1800 ya tsara manhajar makarantar kiɗa ga wani basarake, Festetics, a Keszthely ta ƙasar Hangari. Ya bar nasa rubutun: kiɗe-kiɗe 18 na baset-hon uku, da wasu na kilarinet biyu, da guda uku na mabushi ɗaya. Ba su kai na abokinsa ba, amma malamai na koyar da ɗalibai da su har yanzu. Ya rabu da matarsa a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu cikin talauci a Vienna ranar 15 ga Yuni, 1812, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 59.