Tarihin Waziri Buhari, Wazirin Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga labarin Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo ɗan Laima. Kakarsa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, Allah ya yarda da su. A gidan ilimi da wazirci ya tashi, aka naɗa shi Waziri a shekarar 1886 bayan Abdullahi Bayero. A zamanin nan Waziri shi ne mai riƙe da wasiƙun Sarkin Musulmi, shi ke duba al'amuran Kano da Zazzau da sauran ƙasashen gabas.

Jarrabawa ta fari ta same shi a Kano cikin 1893, da Sarki Bello ya rasu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce a naɗa Tukur ɗan Bello, alhali yawancin 'ya'yan sarauta Yusufu suke so. Waziri ya cika umarni, Yusufawa suka fita zuwa Takai, aka yi Basasa. Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Waziri ya gani da idonsa yadda yaƙi ke cinye talakawa da kasuwa.

Sa'an nan Nasara suka zo. Ranar 15 ga Maris 1903, daidai da Zulhajji 1320, aka kara a Giginya, bakin birnin Sakkwato. Bindiga mai ruwa ta watsa jama'a tun rana ba ta yi tsaka ba. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya nufi gabas da niyyar hijira, har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na shekarar. Waziri kuwa ya tsaya a Marnona da taron jama'a, mata da yara da tsofaffi, ba guzuri ba abin hawa. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya tara malamai suka duba littattafai, suka ga Shari'a ta yarda a yi sulhu da kafiri mai rinjaye idan Musulmi ba su da ƙarfi, muddin da harshe ne, zuciya ba ta bi ba. Suka kuma lura idan kowa ya ƙaura, masallatai za su zama kufai, addini ya gushe daga ƙasar da Shehu ya raya. Sai ya komo birni, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba ranar 21 ga Maris, Gwamna Lugga ya yi alkawari ba zai hana salla ba.

Zuciyarsa dai ba ta natsu ba, yana tsoron kada ya zama ya saɓa wa Allah, har Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ya aiko masa da wasiƙa yana ƙarfafa shi. Shi kansa ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi, ya bayyana hujjarsa dalla-dalla. A ganinmu wanda ya yi haka don kwaɗayin rawani ba zai damu da neman fatawa ba, balle ya bar wa na baya takarda su auna shi da ita.

Amma sulhun nan yana da ɗaci. A 1906 mutanen Satiru, nan kusa da Boɗinga, suka tayar, suka kashe Turawa uku. Manyan Sakkwato suka tsaya kan alkawarinsu da Nasara, aka rushe garin cikin Maris, aka kashe mutane masu yawan gaske, aka hana sake zama a wurin. Dattawan wannan yanki ba su manta ba, kuma har yau malamai na saɓani kan wa ya fi dacewa, mai hijira ko mai zama.

Waziri ya rasu a 1910, ya bar ƙaramin ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906. Shi ne ya zama Waziri a 1948, ya tattara tarihin gidan, ya rasu a 1997. Allah ya jiƙansu da rahama, amin.