Manjo Janar Hassan Usman Katsina da rigimar ƙarin girma a sojan Nijeriya

Marigayi Hassan Usman Katsina shi ne mutum na ƙarshe da ya mulki Jihar Arewa tana dunƙule wuri guda, kuma shi ne ya riƙe muƙamin babban hafsan sojojin ƙasa na Nijeriya a mafi yawan shekarun yaƙin basasa. Duk wani babban mataki na rayuwarsa ta soja ya zo ne a daidai lokacin da ake jayayya a kan wane ne gaba da wani, da kuma wane ne aka tsallake.

An haife shi a birnin Katsina ranar 31 ga watan Maris na shekarar 1933, a gidan sarautar Sulluɓawa. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, kakansa kuma Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a farkon zamanin Turawa. Ko da yake ɗan fada ne, karatunsa na elementare a Kankiya ya yi shi, garin da ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, wanda a yau ƙaramar hukumarsa ta ƙunshi garuruwa irin su Sukuntuni da Rimaye da Kafin Soli. Daga nan ya koma makarantar midil ta Katsina, sa'annan ya wuce kwalejin nan da aka fi sani da Barewa, ya kuma taɓa karatu a kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya.

A shekarar 1956 ya shiga aikin soja. A wancan zamani ba aiki ba ne da manyan gidaje ke sha'awar 'ya'yansu su yi, domin talakawa na kallon soja a matsayin mafakar wanda ya rasa abin yi, masu ilmin boko na Arewa kuwa aikin En'e da na gwamnati suka fi nufa. Shi ya sa shigar ɗan sarki mai daraja ta ɗaya ta zama abin magana, kuma shugabannin Arewa na lokacin suka ji daɗinta, ganin yadda suke ta faman jawo hankalin ɗaliban sakandare zuwa ga aikin hafsa. Ya sami horo a Teshie ta ƙasar Ghana, da kuma makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, aka ɗaura masa anini a 1958. A farkon shekarun 1960 yana cikin dakarun Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Daga manjo zuwa gwamna

Juyin mulkin ranar 15 ga watan Janairu na 1966 ya same shi yana manjo, yana jagorancin rundunar motoci masu sulke a Kaduna. A daren ne aka kashe Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, aka kuma sace Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, wanda daga bisani aka tsinci gawarsa. Kazalika aka hallaka kusan dukkan manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam. Littattafan da aka rubuta a kan wannan rana sun nuna cewa Manjo Chukwuma Nzeogwu ya tunkari Hassan riƙe da bindiga yana neman sanin ɓangaren da yake, shi kuma ya nuna masa cewa yana tare da shi. Masu suka sun daɗe suna riƙe da wannan magana. Amma duk wanda ya dubi halin da ake ciki a Kaduna a safiyar nan zai ga cewa zaɓin da ke gabansa bai wuce biyu ba, ɗayan kuwa kabari ne.

Kwanaki kaɗan bayan haka Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa gwamnonin soja huɗu. Ojukwu a Gabas, da Fajuyi a Yamma, da Ejoor a Tsakiyar Yamma duk laftanar-kanar ne, Hassan kaɗai ne manjo, don haka aka ƙara masa girma ya yi daidai da su. Yana da shekaru 32 da haihuwa aka miƙa masa yankin da ya ɗara rabin ƙasar a faɗi da yawan jama'a. Bisa ga dukkan alamu gidan da ya fito ya yi tasiri a wannan zaɓi, domin Ironsi na bukatar wanda sarakuna za su saurara. Shi kuwa Hassan sai ya jingina da manyan ma'aikatan gwamnatin Kaduna, musamman sakataren gwamnati Malam Ali Akilu.

Ƙarin girman da ya zama fitina

A al'adar soja, ƙarin girma abu ne na takarda. Ana duban ranar da aka ɗaura wa hafsa anini, da kwasa-kwasan da ya yi, da jarrabawar da ya ci, da rahoton da shugabansa ke rubutawa a kansa duk shekara. Idan kwanan wata guda ya goce a cikin fayil, ko rahoto guda ya ɓace, mutum na iya wayar gari yana sara wa wanda jiya yake ƙarƙashinsa. Wannan ne ya sa dokar soja ta tanadi hanyar koke: hafsan da ke ganin an tauye shi zai rubuta wa kwamandansa, idan bai gamsu ba maganar ta wuce majalisar koli ta rundunarsa, daga can kuma tana iya kaiwa ga shugaban ƙasa a matsayinsa na babban kwamandan askarawa. Dokar sojoji ta 1993 ta ci gaba da riƙe wannan tsari.

Abin da ya faru a watan Mayu na 1966 ya nuna iyakar wannan tsari. Gwamnatin Ironsi ta ƙara wa wani rukuni na manjoji girma zuwa laftanar-kanar, kuma mafi yawansu 'yan ƙabilar Ibo ne. A kan takarda ana iya kare matakin, domin a shekarun 1950 'yan Gabas ne suka fi cika guraben hafsoshi, kuma sai a 1961 aka shigo da tsarin da ya ware wa Arewa rabin guraben, saboda haka su ne ke kan gaba a layi. Har ila yau wasu 'yan Arewa irin su Murtala Muhammad da Muhammad Shuwa da Joseph Akahan sun amfana. To amma kujerun da ake cikewa na waɗanda aka kashe ne a watan Janairu, waɗanda suka yi kisan kuwa suna tsare ba a gurfanar da su ba. Babu wani fayil da za a gyara ya warware wannan, kuma saje da kofur na barikokin Kaduna da Ibadan da Ikeja ba su nemi hanyar rubuta koke ba.

A ranar 24 ga wannan wata aka fitar da doka mai lamba 34, wadda ta rushe tsarin tarayya ta kuma nufi haɗe ma'aikatun gwamnati wuri guda. Ma'aikatan Arewa suka fassara ta da cewa irin abin da ya faru a soja ne zai same su, wato za a jera kowa bisa takardar shaida da shekarun aiki su koma baya. Zanga-zanga ta ɓarke a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan Gabas da dama. Hassan ya tsinci kansa a tsaka mai wuya, yana wakiltar Ironsi a gaban sarakuna, yana kuma kai kukan sarakuna Legas.

Wane ne gaba da wani

Juyin mulkin ranar 29 ga watan Yuli, wanda aka kashe Ironsi da Fajuyi a cikinsa a Ibadan, ya sake tayar da maganar ta wata fuska. Birgediya Babafemi Ogundipe ne mafi girman muƙami a sojojin ƙasa, amma sojojin Arewa suka ƙi karɓar umarninsa, a ƙarshe ya tafi London ya zama jakada. Laftanar Kanar Yakubu Gowon ne ya hau, alhali akwai irin su Kanar Adeyinka Adebayo da ke gaba da shi. Ojukwu ya kafe a kan cewa an karya tsarin girma, ya ƙi amincewa da Gowon a matsayin babban kwamanda, kuma da wannan jayayya aka tafi taron Aburi na ƙasar Ghana a ranakun 4 da 5 ga watan Janairu na 1967, inda Hassan ya zauna a madadin Arewa.

A nan ne halin mutumin ya fi fitowa. Ya girmi Gowon a haihuwa, shi ɗan sarki ne Musulmi, Gowon kuwa ɗan mai wa'azin Kirista ne da ya tashi a Wusasa. Amma Gowon ya riga shi shiga soja, kuma Hassan ya mara masa baya. Da ya so ya yi amfani da sunan gidansu ya ja daga a watannin da kalmar a-raba ke bakin jama'a, da wuya a ce bai sami mabiya ba.

Sai dai tarihi ba zai tsallake watannin Satumba da Oktoba na 1966 ba, lokacin da aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, ciki har da abin da sojojin da suka yi bore suka aikata a Kano. Gwamnan ya yi ta kiran jama'a da su daina, amma a ƙarƙashin mulkinsa abin ya faru, kuma hukuma ba ta iya kare rayukan ba.

Ranar 27 ga watan Mayu na 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa. Kujerar Hassan ta rushe ke nan. Aka ba shi shugabancin hukumar wucin gadi mai kula da kadarori da ma'aikatun da jihohin shida suka gada tare. A wannan tsakani ne kuma aka ɗora tubalin karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran da ya rage ikon sarakuna ƙwarai, ciki har da mahaifinsa.

Shekarun yaƙi

A 1968 aka naɗa shi babban hafsan sojojin ƙasa, kujerar da Kanar Joseph Akahan ya riƙe kafin rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙi ta kumbura zuwa kusan 250,000 a lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairu na 1970. An ɗebi mutane cikin gaggawa, an ba su horo na 'yan makonni, an ɗaura wa saje-saje anini a bakin daga, an ba matasan hafsoshi muƙaman riƙo da suka fi ƙarfin shekarunsu na aiki. A irin wannan hali ajiye bayanai ba ya cikin abin da ke gaban kowa, kuma shekaru masu yawa bayan haka tsoffin sojoji sun yi ta fama da tantancewa kafin su ga kuɗin fansho.

Kwamandojin rundunoni uku na fagen fama ma ba masu saurin lanƙwasuwa ba ne. Kowanne na tafiyar da yaƙinsa kusan yadda ya ga dama, har sai da aka sauya su a watan Mayu na 1969, inda Iliya Bisalla ya gaji Shuwa, Gibson Jalo ya gaji Ibrahim Haruna, Olusegun Obasanjo kuma ya gaji Benjamin Adekunle.

A farkon 1971 David Ejoor ya karɓi kujerar, Hassan ya koma hedkwatar ƙoli a matsayin mataimakin babban hafsa. Daga bisani aka haɗa masa da muƙamin kwamishinan tarayya mai kula da harkokin ma'aikata, kuma a lokacinsa ne rahoton Udoji na 1974 ya fito. Ƙarin albashin ya zo da sabon tsarin matakai, sai koke-koke suka yi ta kwarara daga ma'aikatan da ke ganin an ajiye su ƙasa da inda ya dace, har ta kai aka kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Akintola Williams a 1975 don gyara kura-kuran.

Bayan ajiye kaki

Ranar 29 ga watan Yuli na 1975, Gowon na taron ƙasashen Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi. Sabuwar gwamnatin Murtala ta yi wa dukkan masu muƙamin manjo-janar zuwa sama ritaya a rana guda, Hassan na cikinsu, yana ɗan shekara 42. Bai yi jayayya ba. Rigimar kuwa ba ta tafi tare da shi ba: a watan Janairu na 1976 aka ɗaga Theophilus Danjuma zuwa laftanar-janar aka bar Bisalla, wanda ke gaba da shi a da, a manjo-janar, kuma wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da aka danganta da yunƙurin Dimka na ranar 13 ga watan Fabrairu, wanda ya ci ran Murtala. Bayan haka wani ɗan Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya tashi daga laftanar-kanar zuwa birgediya kai tsaye, domin a daidaita rabon manyan kujeru tsakanin Kudu da Arewa.

Hassan ya zauna a Kaduna, yana riƙe da sarautar Ciroman Katsina. Da mahaifinsa ya rasu a 1981, ɗan'uwansa Muhammadu Kabir Usman ne ya gaji sarautar. Shi kuwa ya ci gaba da zama dattijon da gwamnatoci ke nema idan sulhu ya gagara, ya kuma duƙufa kan wasan ƙwallon dawaki, wanda kakansa Dikko ya kawo Katsina, mahaifinsa kuma ya yi suna a kansa.

Ya rasu ranar 24 ga watan Yuli na 1995 yana da shekaru 62. An sa sunansa ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Katsina, da kuma ginin gwamnati da ke unguwar Kawo a Kaduna.