Fatirik, Bawan da Ya Koma Kiwon Iyayengijinsa

Ya mai karatu, ko danginka sun yashe ka tun ran da ka karɓi Yesu Almasihu? Ko kuwa har yanzu kana bakin ƙofa, kana tsoron kada ka shiga ka rasa mai lura da kai? To, ka kasa kunne ga labarin wani mutum wanda ya rasa gida da dangi rana ɗaya, amma bai rasa Makiyayi ba.

Sunansa Fatirik. An haife shi a ƙasar Birtaniya, wajen ƙarshen mulkin Rumawa a can, ya yi aikinsa kuwa cikin ƙarni na 5 bayan haihuwar Almasihu. Ubansa Kalfurniyus mai hidima ne cikin ikilisiya, kakansa kuma firist ne. Duk da haka yaron bai kula da sha'anin Allah ba, shi da kansa ya shaida wannan cikin littafin da ya rubuta da tsufansa. Ka gani, ba a gādon bangaskiya kamar yadda ake gādon gona.

Yana da wajen shekara 16 sai mahara suka kama shi tare da mutane masu yawa, suka ƙetare teku da shi zuwa tsibirin Ailan, ya zama bawa. Aka sa shi kiwon dabbobi. Shekara 6 yana bin garke cikin kurmi da kan duwatsu, ga ruwan sama, ga sanyi mai tsanani, ba uwa, ba uba. A nan ne zuciyarsa ta juyo ga Allah. Yakan tashi tun gari bai waye ba domin addu'a, har yakan yi addu'a kamar sau 100 a yini guda.

Ka lura da wannan abin mamaki. Yaron yana tsaron garken wani, Ubangiji kuwa yana tsaronsa. Kai ma ka san halin makiyayi na kirki: ya san dabbobinsa ɗaya ɗaya, yakan kai su wurin ciyawa da ruwa, in ɗaya ta ɓace ba ya kwana sai ya nemo ta. Da wannan misali Yesu ya bayyana kansa cikin Bisharar Yohanna sura 10 da ta Luka sura 15. Fatirik ya gane daga baya cewa tun bai san Allah ba, Allah yana kiyaye shi kamar yadda uba yake kiyaye ɗansa.

Wani dare ya ji murya cikin barci ana faɗa masa jirginsa yana shirye. Ya gudu, ya yi tafiyar wajen mil 200 har bakin teku. Da fari masu jirgin suka ƙi shi. Ya juya yana addu'a, sai suka kira shi, suka ɗauke shi. Bayan wahala mai yawa da yunwa a hanya, ya kai gida wurin iyayensa. Suka karɓe shi da murna, suka roƙe shi kada ya ƙara barinsu.

Da kai ne, da me za ka yi? Amma Fatirik ya yi mafarki, ya ji mutanen Ailan suna kiransa ya komo ya zauna a cikinsu. Ya yi karatu, aka naɗa shi bishop, wato mai kiwon ikilisiya, sa'an nan ya koma ƙasar bautarsa da yardar ransa. Ya yi wa dubban mutane baftisma, ya keɓe masu hidima. An taɓa ƙwace kayansa, aka ɗaure shi da ƙarfe kwana 14. Kowace rana yana sa ran kisa ko bauta, duk da haka bai gudu ba, gama ɗan ƙodago ne yakan bar tumaki in ya hangi kerkeci.

Wata rana mayaƙan wani shugaba mai suna Korotikus suka fāɗa wa sababbin masu bi waɗanda aka yi wa baftisma ba da daɗewa ba, suka kashe waɗansu, suka kwashe waɗansu domin sayarwa. Fatirik bai yi shiru ba. Ya rubuta takarda mai zafi, ya tsauta musu, ya nemi su tuba su sake kamammun. Wannan takarda tana nan har yau. Ko da yake yana marmarin ganin danginsa, bai yarda ya bar garken ba. A Ailan ya ƙare kwanakinsa, ana kuwa tunawa da shi kowace shekara ran 17 ga watan Maris.

Ɗan'uwana, ga abu uku da za ka riƙe. Na fari, wahala ba alama ce ta cewa Allah ya manta da kai ba, gama cikin bauta ne Fatirik ya san Makiyayinsa. Na biyu, kada ka bar addu'a, gama tunkiyar da ta saba da muryar makiyayi ba ta bin baƙo. Na uku, wanda aka yi wa kiwo wajib ne ya lura da waɗansu. Ko akwai wanda ya cuce ka saboda bangaskiyarka? Kada ka rama. Ka gaishe shi, ka taimake shi ran bukatarsa, ka yi addu'a dominsa, ko Allah ya sa ta hannunka za a kawo shi cikin garke.

In kuwa ba ka shigo ba tukuna, ka sani Makiyayi ya riga ya ba da ransa dominka, yana nemanka har yanzu. Ka amsa masa yau.