Ikoli Harcourt Whyte: Mawaƙin da Ya Warke, Ya Ci Gaba da Zama a Uzuakoli

An haifi Ikoli Harcourt Whyte a 1905 a Abonnema, ƙasar Kalabari, cikin Jihar Ribas ta yau. Yana ɗan shekara 14 aka tabbatar kuturta ta kama shi, daga bisani aka kwantar da shi a babban asibitin Fatakwal. Maganin wancan zamani shi ne allurar man chaulmoogra, mai zafi ƙwarai, mai ƙarancin amfani. Ƙyamar jama'a kuwa ta fi allurar zafi.

Da hukuma ta nemi sallamar masu cutar daga asibitin, Whyte na kan gaba cikin waɗanda suka ƙi fita sai an sama musu matsuguni. A 1932 aka mayar da su asibitin kutare na cocin Methodist da ke Uzuakoli, a Jihar Abiya ta yanzu.

A can ya haɗu da Dakta Frank Davey, likita Bature mai ƙaunar kiɗa, wanda ya ƙarfafa masa gwiwar tsara waƙoƙin coci da harshen Ibo. Aikin na da wuya, domin Ibo, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti: idan waƙa ta ɗaga murya inda kalma ke sauke ta, ma'ana ta ɓaci. Whyte, wanda ba Ibo ba ne, ya sa karin waƙa ya bi karin magana. Ya tsara waƙoƙi fiye da 200, ya kafa ƙungiyar mawaƙa daga cikin majinyata, suna rerawa ba tare da kayan kiɗa ba.

Uzuakoli na cikin wuraren da aka fara gwada ƙwayar dapsone, kuma a 1949 aka ba shi shaidar warkewa. Amma shaida ba ta mayar da yatsun da suka gutsure, ba ta kuma buɗe ƙofar dangi. Mazauna Yadakunya a Kano da ƙauyen Alheri na Yangoji, nan Kwali, sun san wannan sarai. Whyte ya zaɓi zama cikin majinyata, waƙoƙinsa kuwa suka bazu a coci-cocin ƙasar Ibo, har a bakin mutanen da ke gudun kuturu.

Ya rasu a 1977 sakamakon haɗarin mota. Bayan rasuwarsa Ola Rotimi ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Hopes of the Living Dead a kan turjiyar da suka yi a Fatakwal.